Makon da Na Yi Aiki da Sunan Wata

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ranar da na tsaya gaban kwamitin diyya ba za ta tafi ba.

Ni nas ce a wani asibiti a nan Tamale, ɗakin haihuwa nake. Wata shekara da sanƙarau ya yi tsanani, mahaifiyar wata abokiyar aikina, Kirista daga kudu, ta rasu. Aka hana ta tafiya saboda ɗakinsu na masu sanƙarau ya cika. Sai muka yi abin da muka saba: ina cikin hutuna na karɓi aikinta na mako guda, ina sa hannu da sunanta. Mu a wurinmu zumunci ne, ba ma ɗaukarsa laifi.

Ba ta jima da dawowa ba wuyana ya sanƙare. Na tashi, alhamdu lillahi, amma kunnen hagu ya mutu, na dama sai an ɗaga murya. Nas ɗin da ba ta jin kukan jariri, wa zai bar mata ɗakin haihuwa? Aka sallame ni, ga 'ya'ya uku a makaranta.

Da na nemi diyya, kwamitin suka ce takarda ta nuna ina hutu, wataƙila a gida, a unguwarmu Lamashegu, na ɗauko ciwon. In na faɗi yadda aka yi, aikin abokiyar tawa zai tafi. Na ja bakina na yi shiru, amma wallahi na ji haushinta, don wata uku ba ta leƙo ni ba. Har na ce wa maigida an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Ranar zama na ƙarshe na same ta a benci bakin ofishin. Ko gaisuwarta ban amsa da kyau ba. Da aka kira ni ta biyo ni ciki, ba wanda ya gayyace ta. Ta zaga ta damana, ta nuna ni, ta ɗaga murya don in ji, ta ce wa shugaban kwamitin da Hausarta ta 'yan kudu:

"Dokta, wannan sa hannu ba nawa ne ba. Sista ne ya yi aikin. Ni na tafi binne mamana."

Shugaban ya tambaye ta ko ta san abin da maganar za ta jawo mata. Ta ce ta sani, tsoro da kunya ne suka hana ta zuwa gidana. Ni kuwa sai hawaye.

An dakatar da ita wata shida ba albashi. Ni ma na sha faɗa, kuma na ci a yi min. Amma an amince ciwon aiki ne. Da diyyar na sayi na'urar ji, yarana ba wanda ya bar makaranta. Har gobe ina mata addu'a.

Tun daga ranar na daina yanke wa mutum hukunci da shirunsa. Wani ba mantawa ya yi da kai ba, ƙarfin hali yake tarawa.