Katin Warkarwa a Akwatin Malam Haruna

Ina gonar gwaji a Samaru ranar Talata da hantsi, ina yi wa 'ya'yan mangwaro aure, wato ina haɗa reshen wani a jikin wani, sai saƙon abokinmu Bulus ya shigo wayata cewa Malam Haruna ya rasu da asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan kunya na yi kuka. Can kuma na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, domin ba yadda za ka tuna bawan Allahn nan ba ka yi dariya ba.

Malam Haruna ma'aikacin laburare ne, aikinsa raba littattafai aji-aji da rubuta wa kowanne kati. Aikin ya shiga jininsa har gida. Matarsa, Hajiya Binta, ta taɓa kawo mana ƙara cewa ya raba mata kayan miya, ya ƙi yarda daddawa ta zauna kusa da barkono.

Wani Bature da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa littafin wasan da ya haɗa mu. Ana zama a tebur, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda, mai jan ragama, wato Malam, yana ba da labari, kai kuma kana faɗin abin da naka zai yi. Ko ya ci ko ya faɗi, sai an ja ƙuri'a. Mu murafun kwalba ashirin muke da su a gwangwanin madara, kowanne da lambarsa. Duk Asabar bayan la'asar muna zaurensa a Palladan. Ranar farko na nuna ɗari-ɗari da maganar sihirin da ke ciki, sai ya ɗaga littafin ya ce, "Lawal, sihirin da gara take ci har ta ƙoshi, shi kake tsoro?"

Gaskiya ya faɗa, gara ta cinye shafukan da suka raba sihirce-sihircen wasan zuwa azuzuwa. Wani zai yi baƙin ciki, shi kuwa kamar an ba shi kujerar Makka. Ya rubuta wa kowane sihiri kati, ya jera a akwatin katako: ajin kariya, ajin rufa-ido, ajin wuta da tsawa, ajin sauya abu, har takwas. Dokarsa ɗaya ce, kullum yana maimaita ta: "Kada ka faɗa mini abin da ya yi, faɗa mini ta ina ya bi." Wutar da ke ƙona mutum tana ajin wuta. Wadda kake gani ka ruga alhali ba ta ƙona ko tsinke, wannan rufa-ido ce.

Mai jarumin sihiri dole ya yafe aji ɗaya har abada. Ni na yafe ajin rai da mutuwa, na ce ko a wasa ba na taɓa gawa. Abin da ban duba ba shi ne a can Malam ya ajiye katin warkarwa.

Bulus tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sabon Gari. Tun da matarsa ta rasu ya rufe kansa a ɗaki, ko coci sai an yi da gaske. Malam ne ya je ya ɗauko shi a babur, ya ba shi jarumi mai suna Mai Gatari. Shekara uku Mai Gatari ke fito da Bulus daga gida. Sai wata Asabar dodo ya farke cikin Mai Gatari, ga ni kusa da shi, ga katin warkarwa a ajin da na yafe. Bulus ya ture takardarsa, ya ce, "In wannan ma ya mutu, Malam, na gama. Ba za ku ƙara ganina ba." Duk mun san ba wasa yake ba.

Na matsa kusa da Malam na yi ƙasa da murya. "Don Allah Malam, ka kau da kai, sau ɗaya tak."

"In na kau da kai, Bulus zai gane sadaka aka ba shi," in ji shi. "Amma kati yana ƙaura in an kawo hujja. Na ba ka mako guda. Mai Gatari ya kwanta a nan yana nishi."

Na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mako guda ina kai-kawo a gona ina magana ni kaɗai, har abokan aiki suka fara kallona. Ranar Asabar na shiga zauren da ɗan mangwaro a leda, na dire a tebur. Na nuna musu inda na yanka, na haɗa reshe, na ɗaure. Na ce ni ban ba itacen nan rai ba, ban kuma ɗauke masa mutuwa ba. Abu biyu da suka rabu na haɗa, suka kama. Ɗinkin ciki ma haka ne, saboda haka warkarwa ta ajin sauya abu ce.

Malam ya juya dashen, ya sa tabarau, ya cire. Ya yi mini tambayoyi kamar ina kare digiri. Daga nan ya zaro katin, ya soke tsohon ajin da layi ɗaya, ya rubuta sabon, ya sa hannu. "Ta nan ya bi," in ji shi. Zaure ya kaure da tafi.

Saura ƙuri'a. Takwas zuwa sama nake nema. Na yi bismillah, na zura hannu a gwangwani, na zaro mai lamba biyu.

Mai Gatari ya mutu. Ba wanda ya iya kallon Bulus, sai muka ji wani sauti kamar tari, ashe dariya ce. Ya yi ta har hawaye, yana buga tebur. "Kai Lawal! Sati guda kana aikin lauya, har da shaida a leda, ashe hannunka ne ba albarka!" Ya share ido ya ce, "Ban san akwai wanda zai sha wannan wahala domina ba. Malam, miƙo farar takarda in ƙirƙiri sabon jarumi."

Malam ya miƙa masa, yana mayar da murafu cikin gwangwani. Ya ce, "Rabon aji namu ne, sai mu yi shi tsakani da Allah. Abin da hannu zai zaro kuma ba namu ba ne."

Kwana goma sha ɗaya Malam ya yi a asibiti kafin rasuwarsa. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, mu ma mun yi namu. Bulus ne ya zauna a gefen gadonsa tun daga ranar farko har ta ƙarshe, shi ne kuma ya rufe masa ido.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Haruna, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi a ajin bayinka na gari. Ka ba Hajiya Binta da 'ya'yansa haƙuri, ka zama gatansu. Ka ƙarfafa zuciyar Bulus. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.