Ƙasar Gindin Bangon Gabas

Shekarar da Nasara suka ce za su fasa hanya ta tsakiyar Birnin Damagaram, ina cikin waɗanda aka kama aikin dole. Mai unguwa ya nuna ni da baki, soja ya yafito ni, shi ke nan. Tun ina ƙarami aka kamo ni daga kudu aka sayar a Damagaram, don haka ban saba a tambaye ni ba.

Aikin rushe gidaje ne, amma ba na ɓarna ba. Kumandan yana son biro, wato ofishinsa, da ɗakunan soja a bariki, azara kuwa daga nesa ake kawo ta a kan raƙuma. Sai aka ce duk gidan da hanya ta ci a kwance shi a hankali. Azara gefe ɗaya, ƙyamare gefe ɗaya. Ƙasar bango a farfasa ta, a kai bakin kududdufi a kan jakuna, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a sake yin tubali.

Shugabanmu wani tsohon magini ne, iyayensa mutanen Barno. Baba muke ce masa. Gidajen da muke saukewa da yawa shi ya gina su. Ba ya yarda a ja rufi da igiya. Daga sama ake farawa, a kankare, a yayyafa ruwa, a zare azara ɗaya bayan ɗaya, wadda aka ɗora ƙarshe ita ake fara cirewa. Kuma kowace ƙasa sai ya ɗanɗana. Ya murza a tafi, ya ɗora a harshe. In ya ji kanwa sai ya tofar, ya ce a zubar da ita bayan ganuwa, domin bangon da aka yi da ita daga gindi yake ruɓewa.

Mai tsaronmu soja ne Bambara, da bulala a hannu da Hausa kaɗan a baki. An taɓa yin wani bango a bariki ba da shawarar Baba ba, ya zube da ruwan farko. Tun daga nan sojan ba ya son musu da harshen tsoho.

Gida na huɗu shi ne gidan da na yi bauta. Maigidan falke ne, ya rasu, ƴaƴansa sun koma unguwar Zango. Da muka sauke zaure ban ji komai ba, ko da yake ni na ɗauko ƙasarsa a ka. Bangon gabas ne ya dame ni, wanda ke bayan bukkokin bayi. A gindinsa na binne ƴata. Kwana goma sha biyu ta yi a duniya, jarirai kuwa a cikin gida ake binne su. Uwarta ta koma Mirriya da aka ce babu sauran bauta, ta yi wani aure. Ni kaɗai na san wurin.

In an rushe bango, ana haƙe gindinsa kamu biyu, don ƙasar tushe ta fi kyau. Za a kai ta kududdufi, maza su tattake, har da ni a ciki.

Kwana biyu ina kauce wa bangon. Rana ta uku, da hutun azahar, Baba yana inuwa yana taunar goro, ya kira ni.

“Kai, tun shekaranjiya kake kewaya bangon can kamar kaza za ta yi ƙwai. Me ka ɓoye?”

“Ƴata, Baba.”

Ya daina tauna.

“An yi mata suna?”

“An yi.”

“Tun yaushe aka binne ta?”

“Damina tara.”

“To, ba za ka sami komai ba. Ƙashin jariri ba ya daɗewa.”

“Na sani.”

“Me kake so ke nan?”

“Kada a taka ta.”

Ya ci gaba da taunar goronsa. Da aka yi salla ya ba ni dagi da hauya, ya ce gindin bangon gabas nawa ne, ya tura sauran maza kan rufin turaka.

Na haƙa a hankali, daga baya na ajiye hauya na sa hannu. Na sami tsingaron tukunyar da na kifa mata, ya rabe uku. Ƙarƙashinsa babu komai, kamar yadda tsoho ya faɗa. Ƙasa ce kawai, ta ɗan fi ta gefe duhu da laushi. Ban san inda ƴata ta ƙare ƙasa ta fara ba, sai na kwashe duka, har da ta gefe. Ta cika mangala ɗaya. Na ɗora wa jaki.

Soja ya iso, ya nuna da bulala. “Kududdufi! Maza!”

Baba ya taho yana jan ƙafa. “Tsaya, soja, ban ɗanɗana ba.”

Ya ɗebi kaɗan. Ina kallon hannunsa. Ya kai bakinsa, ya juya wa soja kafaɗa, bai taɓa harshe ba. Sai ya tofar da yawu sau uku.

“Tir! Kanwa zalla. Bayan ganuwa.”

Soja ya dubi sauran tarin ƙasar, wadda Baba ya yarda da ita da safe. “Bango ɗaya, ƙasa biyu?”

“Nan ne bayi ke fitsari, shekara da shekaru. Ungo, ɗanɗana ka ji.” Ya miƙa masa har kusa da hanci.

Soja ya ja da baya, ya zage shi da yarensu. Maza a kan rufi suka fashe da dariya, wani ya ce, “Ci mana, soja, ba a biya!”

Baba ya ce, “In kana so, kai ta kududdufi. Ranar da biro ya faɗo wa kumandan a ka, ni tsoho ne, kai za a tambaya.”

Soja ya kaɗa bulala wajen ƙofar gari.

Ina gyara igiyar mangala, Baba ya matso kamar yana taya ni. Ya mayar da ƙasar da ke tafinsa cikin mangala, ya kakkaɓe har tsakanin yatsu.

“Ka yafe mini maganar fitsari,” in ji shi.

“Babu komai, Baba.”

Maganar ta soke ni, amma na san ba shi da wata dabara.

Na kora jaki na fita ƙofa. Na wuce juji inda ake zubar da ƙasar banza, na bi ta tsakanin duwatsu har maƙabarta. Na haƙa ƙaramin rami kusa da wata aduwa. Gawa ana fuskantar da ita alƙibla. Ban san yadda ake yi wa ƙasa ba. Na zuba dai, na jera tsingaron a kai, na rufe. Fatiha na iya, ita na karanta.

Na dawo la'asar ta wuce. Soja ya ba ni bulala biyu saboda na makara. Washegari aka kai mu kududdufi kwaɓa ƙasar gidan. Na shiga da sauran maza, na tattaka har gwiwa, yini guda, ba tare da na dubi ƙafata ba.