Baba Ndayako, Wanda Kowa Ya Koyi Sana'a a Jikinsa

Duk unguwar Tunga babu wanda bai san Baba Ndayako ba, mutumin Bida mai sayar da tabarmi a Kasuwar Kure. Shi dai Allah ya yi shi da wani hali: ba ya iya ce wa mai koyo a'a. Wanzamin layinsu a kansa ya koyi aski, har yau ga tabon nan a ƙeyarsa. Jamil mai hoto fuskarsa ya yi ta ɗauka, wani hoton babu kunne, wani babu kan ma gaba ɗaya. Ɗaliban jinya kuwa sun matse damtsensa da abin awon jini har sun gaji. In an yi masa tsiya sai ya ce, "To in ban ba da kaina ba, a kan wa za su koya? A kan akuya?"

Da bikin 'yarsa Kafayatu ya matso, ta zaunar da shi. "Baba, don Allah roƙo ɗaya. Ranar nan kaɗai ka fito tsaf. Hoto mai kyau nake so, ni da kai." Ya yi mata alkawari.

Ba a jima ba sai ga Magdalina, maƙwabciyarsu da mijinta ya rasu, wadda ta fara koyon ɗinki da furfurarta. Ba wanda ya taɓa yarda ya ba ta yadi. Ai kuwa bawan Allahn nan shaddar bikin ya miƙa mata!

Ranar walima Baba ya fito, hannun dama na kaftanin ya haɗiye yatsunsa, na hagu ko agogo bai kai ba. Idon Kafayatu ya ciko da ƙwalla, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Magdalina kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Jamil, wanda yanzu ya zama gwani, ya dube su ya kwashe da dariya. "Baba, na daɗe ina lalata maka fuska, yau bari in gyara." Ya sa shi ya ɓoye dogon hannun a baya, gajeren kuma ya ɗora a kafaɗar amarya, mayafinta ya rufe shi. Baba da bai taɓa dafa 'yarsa a gaban jama'a ba, sai ga shi ya jawo ta jikinsa, yana dariya har da giɓinsa.

Hoton na nan a falon Kafayatu. Ita ce ma yanzu take kai wa Magdalina ɗinki. Takan ce da hannayen kaftanin nan sun zo daidai, da babanta bai rungume ta ba.