Bashi da Ba Shi a Ƙofar Haladu

Wata rana, Talata ce cikin zafin Afrilu, ina dawowa daga awon hawan jini, sai na ji kukan 'yan tsaki.

Kuka ne mai yawa, yana fitowa daga wani ɗakin haya da ke kallon titi, a layin bayan gidanmu nan Funtuwa.

An garƙama wa ƙofar ɗakin sabon kwaɗo. A gefe wani mutum na tsugune, da galan cike da ruwa a gabansa.

Waɗanda suka san ni sun san abu biyu ne ba na iya wucewa: kuka, da rubutun da ba daidai ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Hausa a firamare kafin in yi ritaya.

Ran nan na tarar da su duka biyun a ƙofa ɗaya.

Domin a saman kwaɗon an rataya kwali, an rubuta da manyan baƙaƙe:

BA ZA A BUƊE BA SAI AN BIYA BA SHI.

Na tambayi mutumin abin da ya faru. Ya ce sunansa Haladu. Gadi yake yi a da, aka sallame shi. Da ɗan kuɗin sallamar ya sayi 'yan tsaki sittin, yana kiwon su a ɗakin da yake kwana. Da hantsi ya fita ɗebo musu ruwa, ya dawo ya tarar da kwaɗo.

Na duba agogo. Sha biyu ta gota. Ɗakin rufin kwano ne, tagar kuma a rufe.

Na ce, "Mai gidan yana bin ka kuɗin haya?"

Ya ce, "Wata huɗu, Mama. Ban musa ba."

"Ya ba ka takardar tashi?"

"A'a."

"An kira ka kotu?"

"Ko sau ɗaya."

Ni ba na shiga magana da ka. Na kira wata tsohuwar ɗalibata da ta zama lauya. Ta ce, "Malama, ko shekara yake bin sa, ba shi da hurumin kulle ƙofa da hannunsa. Sai ya ba shi takardar sanarwa, wa'adi ya cika, ya kai ƙara. Alƙali ne ke cewa a fita."

Na ce Allah ya yi miki albarka. Na cire kwalin, na ce wa Haladu ya biyo ni.

Mai gidan, Alhaji Nalado, yana sayar da takin zamani a bakin layi. Na same shi a kan benci ƙarƙashin darbejiya tare da abokan hirarsa uku.

Muka gaisa sosai, har da tambayar iyali. Ɓacin rai ba ya hana ni gaisuwa.

Sannan na ajiye kwalin a kan buhu, na ciro jan birona daga jaka. Har yau ba na fita ba shi.

Na ce, "Alhaji, wa ya yi wannan rubutu?"

Ya ce, "Ni ne, Malama. Lafiya?"

"Bashin da ake bin mutum kalma ɗaya ce, a haɗe take. Kai ka raba ta biyu. Ba shi. Wannan umarni ne."

Ya ɗan murmusa. "Malama, ni fa ba a ajinki na yi ba."

"Ai ya nuna. To tunda da hannunka ka rubuta ba shi, sai ka ba shi."

"In ba shi me?"

"Makulli."

Mutanen benci suka tuntsire da dariya. Ɗayansu ya ce, "Alhaji, yau ka faɗi jarrabawa."

Shi bai yi dariya ba. Ya ce gidansa ne, da guminsa ya gina. Wata huɗu bai ga ko sisi ba, in ya doso layin sai Haladu ya bi ta lungu. Ga shi ya mayar masa da ɗaki akurki.

Na bar shi ya gama. Gaskiya ya faɗa, kuma na gaya masa haka.

Na ce, "Kuɗinka hakkinka ne, ko a gaban waye zan faɗa. Amma hanyar karɓarsu takarda ce da kotu. Kwaɗo ba ya cikin hanyar. Yanzu haka akwai rai sittin a ƙarƙashin kwano babu ruwa. In suka mutu, da safe kai kake bin sa, da yamma shi zai bi ka. Kuma ni ce shaida ta farko, da wannan kwali a hannuna."

Ya dubi kwalin. Ya dubi Haladu. Ya laluba aljihu.

Da aka buɗe ƙofar, zafin da ya fito kamar an buɗe tanderu. Haladu ya durƙusa yana zuba ruwa a faranti, 'yan tsakin na tattaka juna.

Muka ƙirga. Hamsin da shida na motsi. Huɗu sun tafi.

Alhaji ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya juya zai wuce.

Na ce, "Amin. Dawo, ba mu gama ba."

Na yago takarda daga littafin da nake rubuta awon jinina. Na ɗora ta a kan galan na rubuta, su biyun suna tsaye.

Kuɗin 'yan tsaki huɗu za a cire daga kuɗin haya. Alhaji ya ce huɗu kacal har sai an rubuta? Na ce ko ɗaya ce sai an rubuta.

Haladu zai biya sauran idan kajin sun isa sayarwa. Kuma zai fitar da su daga ɗakin mutane cikin kwana uku. Akwai tsohon akurki a bayan gidana da ba kowa ciki sai gizo-gizo, na ce ya kawo su can.

Shi ma bai tsira daga bakina ba. Na ce, "Kai kuma, wanda yake bin ka ba a bi masa ta lungu. Ka je ka same shi, ka ce babu, ga ranar da za a samu."

Ya ce, "Na ji, Mama."

Suka sa hannu. Ni ma na sa, da ja.

Mako bakwai bayan nan Haladu ya sayar da kajin. Ya biya a gabana, aka ba shi rasit. Har yau yana ɗakin, kuma zubi na uku ne yanzu a akurkina. Kullum da asuba kukansu ke tashe ni, ban kuma taɓa ƙorafi ba.

Shekaranjiya aka yi sallama a ƙofar gidana. Alhaji Nalado ne, da sabon kwali a hammata. Wani ɗakin nasa ne ya zama babu kowa.

Ya ce, "Malama, a duba mini kafin in rataya. Ba na son a sake karanta ni a bakin layi."

AKWAI DAKIN HAYA.

Na sa wa harafin D ƙugiyarsa, na rubuta tara cikin goma a ƙasa.

Na ba shi. A rabe.

Darasi: Wanda yake bin kuɗin haya yana da hakki, amma kwaɗo ba alƙali ba ne. Mai gida ya bi takarda da kotu. Ɗan haya ya daina ɓuya, ya je ya yi magana. In kuma kun ga an kulle wa wani ƙofa, ku tsaya ku tambaya, wataƙila akwai mai jin ƙishirwa a ciki.

Ku tura wa mai gidan hayarku, ku tura wa ɗan hayarku. Wanda zai yi sharhi kuma ya duba rubutunsa tukuna, birona na nan kusa.