Wata Malama da Aka Sakaya Sunanta

Shekarun da na yi ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gefen Ɗanbatta, ni kaɗai ce mace a cikin malamai. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya ɗaure ni shi ne, hedimastanmu ƙanin mahaifin mijina ne, wato surukina. A gari ba na kama sunansa, ba na cin abinci a gabansa, in na hango shi a hanya sai in ratse cikin gonar mutane kamar mai duba yabanya. Ga shi kuma gwamnati ta haɗa mu wurin aiki ɗaya. Shi ma kunyar tawa yake ji. In zai ba ni umarni a taron malamai, sai ya dubi dalbejiyar da muke zama ƙarƙashinta ya ce, "A faɗa wa aji uku su rage surutu." Ni ce aji ukun. Ni kuma in dubi tabarma in ce, "To, za a faɗa musu."

Makarantar ba ta da bayi. An taɓa gina ɗaya, ya rufta tun kafin a ɗauke ni aiki. Maza ba ruwansu: da damina gero yana rufa musu asiri, da rani akwai bayan aji shida. Yankinmu kuwa ba daji, gona tana ƙarewa gida zai fara, kuma kowane gida da wanda ya san ni tun ina goye. Sai na koyi ƙin shan ruwa. Daga safe har a tashi ba na sa ko ɗigo a baki, ga alli, ga yara masu son a ɗaga musu murya. In abin ya matsa, sai in je gidan wata tsohuwa a bayan makaranta da sunan gaisuwa, har ta riƙa yabona a gari cewa ba a taɓa yarinya mai zumunci irina ba. Lokacin da nake da juna biyu, abin ya sha sa ni kuka a hanyar gida. Amma da wane baki zan ambaci bayi a gaban surukina?

Ana haka wata ɗaliba ta zo daga jami'a a Kano, tana bincike a kan zaman mata a wuraren aiki. Yarinya mai kirki, da gilashi da jakar goyo. Ta ajiye wayarta tsakaninmu tana ɗaukar murya, ta ce, "Malama, kina jin ana damawa da ke a nan?" Na ce lafiya lau, ai kowa ɗan'uwa ne. Ta juya tambayar ta nan, ta juya ta can, ni dai lafiya lau. Ita kuma tana ta ɗaga robar ruwanta tana sha, ina kallonta da tausayi. Can kuwa sai ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, "Don Allah Malama, ina bayinku yake?"

Na kai ta gaisuwa gidan tsohuwa. A hanyar dawowa na kwashe komai na faɗa mata, har da kukan. Na ce amma fa kada maganar ta fita. Ta ce, "Haba Malama, a binciken jami'a ba ma kama suna. Sakayawa muke yi, ba wanda zai san ke ce."

Bayan an cire amfanin gona ta dawo, wai ƙa'idar aikinsu ce a zo a gaya wa mutane abin da aka gano. Hedimasta ya sa babbar riga, aka shimfiɗa tabarmi. Ta yi bayanin sauran makarantun da ta zaga, malamai suna gyaɗa kai. Sannan ta gyara murya ta karanta: "A wannan makaranta, wata malama da muka sakaya sunanta ta ce tana wuni ba ta sha ruwa ba saboda rashin bayi."

Ta cika alkawari, ba ta kama sunana ba. Malamin lissafi ya ɗago zai duba wace malama ce, ya tuna, ya mayar da kai. Ni kuwa na ja mayafi har ya kusa rufe min hanci, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige. Hedimasta ya tsura wa dalbejiya ido. Da ta gama ya yi mata godiya, ya ce Allah ya sa a gama karatu lafiya. Na koma gida da niyyar neman sauyin wurin aiki, don ban ga yadda zan sake zama tabarma ɗaya da shi ba.

Ranar Litinin na tarar da sabon kewayen zana a bayan aji uku, an haƙa rami an rufe shi da kyau, ga sabuwar buta a ƙofa. Daga baya mijina ya gaya min baffansa ne ya haƙa da hannunsa, ya hana kowa taya shi don kada maganar ta zaga gari.

A taron ranar, hedimasta ya zauna yana ɓoye tafin hannunsa da ya yi bororo a cikin riga. Ya dubi dalbejiya ya ce, "A faɗa wa aji uku, akwai ruwa mai sanyi a randar ofis." Na dubi tabarma na ce, "To, za a faɗa musu." Na tashi na cika moɗa. Shi kuwa ya juya baya, ya shiga duba wani abu a rassan dalbejiya har na gama sha.