Riɗina da Ya Zube Don a Yi Bidiyo

Shekarun baya ɗiyata tana kulliya a Gadarif, tana karatun taswiƙ, wato dabarun tallar kaya. Ni aji huɗu na yi na fita, shi ya sa na rantse ba za ta taka gona ba, biro kawai za ta riƙe. Wai ni mai wayo.

Wata rana ta ce duktur ɗinsu ya daina koyarwa a allo. Wai kowa ya je ya koya da kansa a Fesbuk, ya tallata wani kaya, wanda ya fi tara masu kallo shi ya ci. Ta roƙi in bar ta ita da 'yan ajinsu su ɗauki bidiyon riɗina. Na ce su je, na wuce kasuwa neman buhuna.

Gonar tana wajen Hawata, 'yar ƙarama ce, amma ita ce abincin gidana na shekara. Mun yanke riɗin, mun jingina dammunan a tsaye sun bushe, saura kaɗewa. Kowane manomi ya san ba a taɓa busasshen riɗi sai an shimfiɗa tamfol, don bakinsa a buɗe yake.

Su takwas suka je. Suka ciccibi dammunan suna yawo da su, suna neman inda haske ya fi kyau. Suka kifa su suna kaɗawa, wai ƙwayar tana sheƙi in tana zuba. Ƙasarmu kuwa baƙa ce mai tsagewa, abin da ya faɗa cikinta halas, ya tafi ke nan.

Da na iso na ɗaga dami na ji shi sakayau. Ɗiyata ta ce, "Yaba, wallahi ban san haka yake zuba ba." Ai ni na hana ta sani.

Na tafi kulliyar. Duktur ɗin ya ce, "Ya hajj, sabon tsari ne, ɗalibi ya koya daga kuskurensa."

Na ce, "Kuskuren nasu, gonar tawa. Kai me ka zubar?" Sai ya duba agogonsa.

Ɗiyata ce ta zo ta ɗaya. Ni kuwa shekarar nan ƙwadagon yankan dawa na shiga a gonar wani, da furfurata.

Ɗiyata na yafe mata tuntuni, yanzu ma ita ke riƙe min tamfol ranar kaɗewa. Duktur ɗin ne ban yafe wa ba. Bidiyon yana nan har yau, mutane na rubuta masha Allah a ƙarƙashi. Ni in na kalla, abincin 'ya'yana nake gani yana shiga ƙasa.