Ranar da Ordinater Ta Ce Mu Ƙetare Gulbi

Ko tsufa ya ci hankalina, ranar da muka tsaya bakin gulbi kusa da Ɗan Gulbi ba za ta fita raina ba. Ina soja lokacin, muna dawowa a mota daga sintiri da damina, washegari kuma sunan ɗana na fari a Dakoro. In mun ƙetare, da la'asar muna gida. In mun zagaya, sai jibi.

Liyetna ɗinmu, hafsan da ke jagorantarmu, sabon dawowa ne daga kwas, da wata ordinater, wato kwamfuta, da yake ji da ita kamar ƙwai. Ya ce ita ba ruwanta da "e" ko "a'a" tsagwaro, domin a fagen daga ba abin da yake tabbas. Kowa zai faɗi ƙiyasinsa na haɗarin ƙetarewa daga sifiri zuwa goma, ko da shakka ne, ita ta haɗa ta ba da shawara.

Ni aka tura in gwada taɓo. Na nutse har gwiwa, da kyar na zaro takalmina. Munin taɓon takwas ne cif, amma ragon suna ya faɗo mini a rai, na ce biyar. Aka tambayi direba nauyin mota, ya dube ni da tausayi ya rage. Sarjan da aka tambaya ƙarfin ruwa ya yi gyaran murya ya ce, "Wanga ai da sauƙi, uku." Kowa ya ɗan yi mini kara, ba wanda ya san ɗan'uwansa ma ya yi.

Ordinater ta ce ƙetarewa ta fi.

Ko tsakiya ba mu kai ba mota ta durƙusa kamar raƙumi. Kwana biyu muka yi muna haƙa, sai da manoma suka kawo shanun huɗa suka ja mu, mata na kan tudu suna dariya. Liyetna ya yi ta jujjuya na'urarsa yana neman inda ta yi kuskure, har kunya ta ishe ni na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce, "Da ka ce ba ka sani ba, da ta san yadda za ta yi da kai."

Da na isa gida, fatar ragon kaɗai na tarar a shanye. Na ji zafi ƙwarai, don da mun zagaya ma da na riski sauran nama.

Tun ranar na gane shakka ba laifi ba ce, ana iya auna ta a yi aiki da ita. Amma son rai da kara, ba na'urar da ke iya tace su.